Layin Goshi

"Ni ban ce ka daina zuwa asibiti ba," in ji Yaya. "Cewa na yi ka dubi madubi."

"Madubi nake kallo daga safe har yamma. Shi ne aikina."

"Kawunan mutane kake kallo. Naka nake nufi."

Mai Layi ya ci gaba da kaɗe haƙoran injin aski da burushi, injin da tun ɗazu ya riga ya kaɗe. Shagon nasu ɗan ƙarami ne: kujera biyu, madubi biyu, benci ɗaya na masu jira, sai fanka a sama tana juyi tana kuka kamar za ta faɗo. Kujerar bakin ƙofa ta Yaya ce, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koya masa riƙon aska. Ta can ciki kusa da famfo ita ce tasa. Da sassafe ne, ba wanda ya shigo tukuna, shi ya sa Yaya ya saki baki.

"Mai facin tayan nan, shekara nawa kana yi masa aski? Jiya ya shigo ya tarar kujerarka ba kowa, ya wuce benci ya zauna har na gama da mutum biyu. Ka tambayi kanka dalili?"

"Ƙila hannunka yake so."

"Hannuna? Mutumin da ke cewa askina na gidan yari ne?" Yaya ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Kana fita ya yi ƙasa da murya, wai abin nan na kan ƙaninka, ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka. Likita ta faɗa."

"Likita ba a nan take aski ba. Ka sa hula mana."

"Hula zafi take ƙara min. Na gaya maka."

"To ka gyara shi. Kai ne fa unguwa guda ke kira Mai Layi. Samari mota suke hawowa daga nesa don ka fitar musu da goshi, ga naka kamar gara ta ci tabarma. Duk wanda ya zauna a kujerar can, kanka yake fara gani a madubi kafin nasa. Sannan ka kwashi ƙafa ka je ka miƙa kai ana gwajin magani da kai, sai ka ce ɓera."

"Ka gama?"

"Ban gama ba."

Amma ya gama, don wani dattijo ya yi sallama ya shigo. Dattijon ya dubi kujerun biyu, ya zauna a ta bakin ƙofa.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da abin ya fara. Da farko ƙaiƙayi ne a gaban kai, daidai inda gashi ya haɗu da goshi. Ya ɗauka amosani ne, ya sauya sabulu. Sai ƙaiƙayin ya koma raɗaɗi, kamar an manna masa bayan cokali mai zafi. Gindin kowane gashi ya yi ja, ya yi wani ɓawo fari-fari, gashin ya riƙa biyo mataji. Inda ya zube sai fatar ta yi sumul tana sheƙi, ko ƙofar gashi ba ka gani. Mai aski ya san sanƙo, ya san makero, ya san kan wanda damuwa ta cinye. Wannan bai san shi ba. Ya shafa man da aka ce, ya sha ƙwayoyin da aka rubuta, gaban kansa na ta ja da baya, kuma ba a jere ba. Nan ya ci ya shiga ciki, nan ya bar tsibiri, can ya bar gashi ɗai-ɗai tsaye a fili, kowanne shi kaɗai.

A babban asibiti wata likitar fata ta ɗebi ɗan guntun fatar kansa ta aika aka duba. Ta faɗi sunan ciwon, dogo, bai riƙe ba. Bayanin ya riƙe. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar saiwar gashinsa, kuma duk inda ta ci ta bar tabo, gashi ya tafi ke nan. Ba maganin da zai dawo da shi. Abin da ake nema kawai shi ne a kashe wutar kafin ta ƙarasa sauran.

"Akwai wani sabon magani da ake gwadawa," ta ce. "Bai shiga kasuwa ba, ko suna ba shi da shi, lamba ce kawai. Wata shida za a yi. Wasu za su sami na gaskiya, wasu ƙwaya ce ba komai a cikinta, kuma daga ni har kai ba wanda zai san wacce ka samu. Kana so?"

Ya sa hannu a takarda mai shafi tara. A ciki an rubuta kada ya shafa wani mai, kada ya yi rini, kada almakashi ko reza su taɓa gaban kansa har a gama. Ya karanta wannan sharaɗin. Ya gane shi sarai.

Duk bayan mako huɗu yake zuwa. Nas ta zaunar da shi a wata kujera mai wurin ɗora haɓa, ta aza rula daga tsakanin girarsa zuwa gashin farko, ta auna tsakiya da hagu da dama, ta rubuta. Ta ɗauki hoto. Ta karɓi tsohuwar kwalba ta ba shi sabuwa. Ƙwaya ɗaya kowace safiya, fara, 'yar mitsitsiya.

A mako na uku ya tashi da safe ya ji kamar an ɗauke wani abu daga ɗakin. Ya daɗe zaune a bakin katifa kafin ya gane mene ne. Kansa ne ya yi shiru. Ya taɓa wurin da yatsa, ya danna. Ba zafi. Ya ɗauki waya, ya bi sunaye daga sama har ƙasa, ya ajiye. Abokansa na gidan kallon ƙwallo ya daina zuwa wurinsu tun ranar da suka laƙaba masa Filin Jirgi. Mahaifiyarsu tana wani gari, in ya ce mata ciwo ya lafa za ta tambayi wane ciwo, don bai taɓa gaya mata ba. Da ya isa shago ya gaya wa Yaya. Yaya ya dubi goshinsa ya ce, "Ni ban ga abin da ya sauya ba." Gaskiya ya faɗa. Daga waje ba abin da ya sauya.

Washegarin cacar bakin nan tasu, ya tsaya gaban ɗan madubin da ke rataye a ƙusa a ɗakinsa. Ɗakin haya ne guda: katifa, kujerar roba, risho, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Ya dubi goshinsa yadda zai dubi na baƙo in ya zauna a kujerarsa. Wanda ya shekara goma yana riƙe da reza ba ya iya ganin gashi a karkace hannunsa bai motsa ba. Gashin nan ɗai-ɗai da suka rage a fili, ya ƙirga su, goma sha huɗu ne. Ya ce a ransa waɗannan ai ragowa ne, gobe ko jibi da kansu za su zube, wa zai yi kewarsu. Ya ɓare sabuwar reza.

Da suka tafi sai bakin gashin ya fito fili da duk karkacewarsa, ya fi na da muni. Abu na farko da Yaya ya koya masa a sana'ar shi ne ba a fara layi daga inda gashi ya fi saukowa. Sai ka nemi inda ya fi shiga ciki, ka kafa reza a nan, ka jawo sauran su same shi. In ba haka ba layi ba zai taɓa miƙewa ba. A kansa, inda ya fi shiga ciki yana hagu, sama da wutsiyar gira. Ya kafa reza a nan.

Minti goma ya ɗauka. Ya goge da sifirit, ya buga hoda, ya ja da baya iyakar inda ɗakin ya bari. Mutumin da ke cikin madubi ba mai ciwo ba ne. Wani saurayi ne mai faɗin goshi da ya san mai aski na kirki.

Yaya ya gani, sai ya turo masa kofin shayi. A wurin Yaya wannan ya fi yabo. Kafin mako ya zagayo mai facin taya ya dawo kujerar ciki, yana ba da labarin wata babbar mota da ta ci taya uku a rana ɗaya. Samari ma suka dawo. Har wani ya nuna goshin Mai Layi a madubi ya ce, "Oga, irin naka nake so."

"Irin nawa sai an sha wuya," in ji shi. Yaron gayun ya ɗauka wasa ne.

Layi kuwa ba a yin sa sau ɗaya a huta. Kwana uku gashin da aka aske ya ɓullo, sai an sake bi. Shi da kansa yakan gargaɗi samari: kada ku bar kowane mai aski ya taɓa muku goshi, mai hannun banza kullum sai ya ɗan ci ciki, kafin shekara ka ga goshinka ya kama hanyar ƙeya. A kan mutane hannunsa bai taɓa ci ba. Amma a madubi hagu dama ce, dama hagu ce, kuma ba ka iya zagaya kanka ka hango shi daga gefe. Yau hagu ta ɗan fi shiga, sai ya daidaita dama. Jibi dama ce ta fi. Kaurin gashi ɗaya, kaurin gashi biyu. Ranar zuwa asibiti kuwa ya fi kula, don ba ya son a gan shi a hargitse a gaban kyamara. Sau biyu yake bin wurin da reza, har fatar ta yi santsi kamar ta tabon.

A zuwan mako na takwas mutane sun yi yawa, nas ɗin ma wata ce daban. Ta aza rula, ta rubuta, ta buɗa shafin baya, ta sake aza rula.

"Ba ka jin komai?"

"Lafiya lau."

Ta taɓe baki ta miƙa masa kwalba. Kafin ya kai bakin titi ya lallashi kansa. Kaurin gashi ai ba ya hawa rula.

A bencin jira akwai wani tsohon direban bas da suke haɗuwa duk zuwa. Nasa ciwon a tsakiyar kai yake, faci-faci. Shi ne kaɗai mutumin da Mai Layi ke iya zama kusa da shi ba tare da ya lura da inda idonsa ya sauka ba. Ranar mako na goma sha biyu ya tarar da shi ya riga shi zuwa, ya ɗora hula a gwiwa.

"Ɗana mai aski, yaya wutar?" Haka suke kiran ciwon a tsakaninsu.

"Ta lafa, Baba. Taka fa?"

"Tawa tana ci, sai godiya. Ni na riga na gane alli suke ba ni. Wata uku ina haɗiyar alli, yanzu in na lashi yatsa sai in yi rubutu a allo." Ya sosa kai da gefen hannu, yadda aka koya musu, ba da farce ba. "Mai ɗakina ta ce in daina zuwa. Na ce mata a'a. In babu masu shan alli, ta yaya za a san na masu shan magani ya yi aiki? Ni ne fasinjan da ake cika mota da shi."

"Ƙila naka bai fara aiki ba ne."

"Ƙila. Kai dai da ka dace, ka riƙe da kyau." Ya leƙo goshin Mai Layi, ya ƙanƙance ido. "Amma naka ciwon ɗan gayu ne. Da rula yake ci?"

Mai Layi ya yi dariya. Ya kawar da kai.

Nas ɗin farko ce ranar. Ta auna sau uku. Ta ce ya zauna yadda yake, ta fita, ta dawo tare da likita. Likitar ba mai yawan magana ba ce. Ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta buɗe fayil.

"Kana shan maganin kullum?"

"Ban taɓa tsallakewa ba."

"Ƙaiƙayi? Zafi?"

"Tun mako na uku ban ji ba."

"To rula daban take faɗa. Cikin wata biyu gaban kanka ya ja baya fiye da santimita guda. Ko wanda ba ya shan komai ba ya yin haka."

Ta ɗauko wani ɗan gilashi mai fitila, ta aza a goshinsa, ta sunkuyo. Ta matsar da shi hagu, ta matsar dama, ta dawo tsakiya. Ta daɗe. Shi kuwa ya kafa ido a kan maɓallin rigarta na biyu, don ba shi da wani wurin kallo.

"Me ka ce sana'arka?"

Yana rubuce a fayil ɗin, a shafin farko.

"Aski."

Ta juyo masa da allon kwamfuta. Fatarsa ce aka ƙara wa girma, kamar fili da aka hango daga sama. Daga ƙasa sumul, ba komai. Sama da nan kuma wani ziri cike da baƙaƙen ɗigo, kowanne zaune a ƙofarsa.

"Nan ƙasa ciwo ne ya ci, tun kafin ka zo mana. Waɗannan ɗige-ɗigen kuwa gashi ne mai rai. Ba ja, ba ɓawo, lafiyarsu ƙalau. Reza ce ta kwashe su."

Bai yi musu ba. Shi ma da ganin ɗigon ya san aikin reza, har ya san sabuwa ce.

"Bakin kawai na daidaita," ya ce. "Saboda aiki. Mutane suna..."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Masu gwajin nan ba sa ganinka. Suna can nesa, awo da hoto kawai ke isa gare su. Naka na wata biyu ya lalace, ba su da abin da za su kwatanta da na farko. Kuma ka sa hannu a kan sharaɗin. Dole in rubuta abin da na gani, dole in karɓi kwalbar yau."

"In na bar shi ya fito fa? Mako biyu ya isa. Na san gashi."

"Na san ka sani. Zan rubuta musu in roƙa. Ba ni ke yanke hukunci ba."

"Ba a samun sa a wani wuri?"

"Babu shi a ko'ina sai a gwajin nan."

Ya ciro kwalbar daga aljihu. Saura ƙwaya biyu a ciki, daga talatin ɗin da ake ba shi. Nas ta zazzage su a wani ɗan faranti, ta rubuta biyu, ta mayar, ta rufe, ta sa a aljihun tebur. Ya bi su da ido har ta murɗa mukulli.

A bakin ƙofa ya juyo.

"Likita, na gaskiyar nake sha, ko?"

"Ban sani ba. Da gaske ban sani ba." Ta rufe fayil ɗin. "Fatarka dai ta yi kyau."

Direba yana nan a benci. "Ya ake ciki, an ba ka sabuwa?" ya tambaya. Mai Layi ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce. Bai hau mota ba. Ya taka da ƙafa har shago, tafiyar kusan awa guda, rana na dukan goshinsa.

Ya ajiye reza. Kwana uku ɗigon suka ɓullo. Kwana bakwai wurin ya yi baƙi, ziri guda mai faɗin yatsa, gajere a gaban dogon gashi, bakinsa a karkace kamar da. Kowace safiya yana tashi hannunsa ke zuwa bakin taga, inda kwalbar take zama, ya dawo ba komai. Ya sha ruwan shi kaɗai. Wayarsa ya daina barin ta a caji a bayan shago, tana aljihun gaban rigarsa, in injin aski na ƙara yakan kashe shi ya saurara.

"Layinka ya tashi," in ji Yaya. "Kamar wanda aka fara yi wa aski wuta ta ɗauke. Zauna in bi maka."

"Bar shi."

"Sabon yayi ne?"

"Na ce ka bar shi."

Yaya ya dube shi, ya bar shi. Mai facin taya ya zo a ƙarshen mako, ya tsaya a ƙofa, ya ce ai gemu kawai zai gyara, ya zauna a benci yana jiran kujerar bakin ƙofa.

Rana ta goma sha ɗaya, yana tsakiyar yi wa wani malamin makaranta aski, ya ji kiyashi guda yana tafiya a hagu, sama da wutsiyar gira. Ya kai hannu. Ba kiyashi. Ya tura hannun a aljihu, ya ƙarasa askin da ɗaya. Washegari kiyashin sun zama uku. Bai gaya wa kowa ba, don wanda zai gane yana can a bencin asibiti, kuma ko lambarsa bai taɓa karɓa ba.

Wayar ta zo rana ta goma sha shida, da yamma. Ya ce wa wanda ke kujera ya yi haƙuri, ya fita ya tsaya a gefen kwata, ya toshe ɗaya kunnen saboda ƙarar motoci. Nas ce.

"Sun duba, ba su amince ba. Likita ta ce in ba ka haƙuri. Ka zo sashen fata ranar Talata, za a mayar da kai kan maganin da."

"Wanda bai yi aiki ba."

"Shi muke da shi." Ya ji tana juya takarda. "In an gama gwajin, in sakamako ya yi kyau, wata rana zai fito kasuwa."

"Yaushe?"

"Shekara uku, huɗu. Allah ne masani."

Ya yi mata godiya. Bai san dalilin da ya sa ya yi ba. Ya koma ciki, ya wanke hannu, ya ɓare reza, ya fitar wa mutumin layi miƙaƙƙe tas, bai ci masa ko gashi ɗaya ba. Mutumin ya juya kai hagu da dama a madubi, ya ji daɗi, ya tafi.

Da aka watse Yaya ya ɗauki tsintsiya yana tara gashin ranar. Ya share ƙarƙashin tasa kujerar, ya zo ta ciki, Mai Layi bai ɗaga ƙafa ba.

"Wa ya kira ka fuskarka ta koma haka?"

"Asibiti. Sun cire ni."

"Daga gwajin? Ai ka huta da zama ɓera."

"Maganin yana aiki, Yaya. Wata biyu da rabi ban ji komai ba. Yanzu ya dawo."

Tsintsiyar ta tsaya.

"To don me suka cire ka?"

"An hana reza ta taɓa gaban kai. Da shi suke awo."

"Saboda layin?"

"Saboda layin."

"Ai ba ka gaya min an hana ba."

"Da na gaya maka me za ka ce?"

Yaya ya jingina tsintsiyar a bango, ta zame ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya je ya kashe fanka. Shagon ya yi shiru, sai ƙarar titi.

"Taso ka zauna nan," ya ce.

"Na ce ba a taɓawa."

"Ba reza zan ɗauka ba. Nan ya fi haske."

Mai Layi ya tashi ya zauna a kujerar bakin ƙofa. Yaya ya juya ta ta fuskanci waje, inda sauran hasken rana ke shigowa. Ya goge hannu a wando, ya tallafo haɓar ƙaninsa ya ɗaga, ya ɗora babban yatsa a goshinsa. Rabon da wani ya taɓa kansa ba da safar hannu ba, Mai Layi har ya manta. Ya rufe ido.

Yatsan ya bi zirin a hankali daga dama zuwa hagu. Gashi ne baƙi, a cike, mai ƙarfi kamar burushi, irin wanda in ya zo kan kowa Yaya zai ce mai kan nan ba zai yi sanƙo ba. Da ya isa hagu yatsan ya tsaya. A nan gindin wasu ya yi ja, da ɗan ɓawo fari ya zagaye su kamar zobe. Yaya ya sunkuya sosai. Ya ƙirga a ransa, ya daina ƙirgawa. Ya ɗaga kai ya dubi titi, mutane na wucewa gida, ba wanda ya waiwayo. Bai ɗauke yatsan ba.

Da ya yi magana, muryar ba irin tasa ba ce, kuma ba ƙaninsa yake kallo ba.

"Wannan da ya fito ɗin, zai zauna?"